Ladi, Wadda Ta Saɓa Sunan Kwali a Kafaɗa

Duk faɗin ƙasar Hausa ba mai kiran naira ashirin da sunanta. Murtala ake cewa. Ɗan acaɓa haka yake cewa, mai ƙosai a bakin ƙofar makaranta haka take cewa, har yaron da bai san ko wane ne Janar Murtala ba. To amma takardar nan fuska biyu gare ta. In ka juya bayanta za ka ga wata mata tana aikin tukunya, an rubuta sunanta da ƙananan baƙaƙe: Ladi Kwali. Tun 2007 take wurin, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fito da ta leda, ya cire ajamin da muka saba gani ya sa boko. A duk kuɗin ƙasar nan ita kaɗai ce macen da aka sa hotonta kuma aka faɗi sunanta. 'Yan matan Fulanin da ke ɗauke da ƙwaryar nono a bayan naira goma, ba wanda ya gaya mana 'ya'yan wane ne.

Da masu shirya mujallar nan suka ce kowa ya kawo tarihin wani shahararre da ya riga mu gidan gaskiya, na san sarakuna da malamai da 'yan siyasa ba za su rasa marubuta ba. Ni kuwa ɗan Mabai ne, ta ƙasar Ƙanƙara, yankin da Allah ya binne wa farar ƙasa a ƙarƙashin gonaki, kuma ina karatu a makarantar da aka kafa don aikin hannu. Shi ya sa na ɗauki maginiyar tukwane. Tambayar da nake so mu tauna tare, 'yan uwa ɗalibai, ita ce: in mai sana'ar hannu ya shahara ya mutu, da me ake tunawa da shi, kuma me ke komawa ƙauyen da ya haife shi?

Kwali tana kan hanyar Lokoja, gaba kaɗan da Gwagwalada. Yau hedikwata ce ta ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Birnin Tarayya, amma wajen 1925, lokacin da aka haifi Ladi, ƙauyen manoma ne a ƙarƙashin masarautar Abuja ta da. Sunan ma ya faɗi ranar: Ladi, haihuwar Lahadi. Ana kuma kiranta Hadiza. Kwalin da ke biye sunan garin ne, irin yadda muke da Aminu Kano da Shehu Shagari. Sai dai Kano ta riga Malam Aminu suna da ɗaruruwan shekaru, ita kuwa Kwali, in ka fita daga yankin, ta dalilin matar nan aka fara jin ta. Akwai Turawan da ba su taɓa taka Najeriya ba amma bakinsu ya iya faɗin Kwali.

Bagwariya ce. Su da kansu Gbagyi suke cewa, mu ne muka lanƙwasa sunan. Kuma bari in faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: mun daɗe muna yi wa mutanen nan dariya. Wanda harshensa ya karye mu ce yana gwaranci, wanda bai waye ba mu ce Bagwari ne. Mu na kudancin Katsina ya fi kamata mu ji kunyar wannan, don maƙwabtanmu ne. Daga Sabuwa ko Faskari in ka ɗan miƙa, ƙasar Birnin Gwari ka shiga. Cikin abin da ake musu ba'a da shi har da ɗaukar kaya, don matansu a kafaɗa suke saɓawa, ba sa ɗorawa a ka. To daga cikin waɗannan matan ne aka sami wadda jami'ar Zariya ta kira ta ba ta digirin dakta.

A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, kuma a gida ake koyonsa. Ladi ta koya tun tana yarinya a hannun wata uwa tata, 'yar uwar mahaifanta. Yadda suke yi ya isa a tsaya a kalla. Maginiya za ta kawo curin yumɓu ta ajiye, ta luma dunƙulen hannu a tsakiyarsa, sannan ta riƙa jawo bangon sama da yatsu, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Tukunyar ba ta motsi. Ita maginiyar ce ke zagaya ta, a sunkuye, da baya-baya, kamar mai rawa a hankali. In yumɓun ya ƙare ta mulmula wani kamar igiya ta ɗora a baki, ta murje, ta ci gaba da zagaye, har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufo, wuya ya tashi. Ba ma'auni, ba zare, ba abin gwada da'ira. Duk wanda ya taɓa fama da kamfas a ajin zanen injiniya, da'irarsa ta ƙi haɗuwa a kan takarda shimfiɗaɗɗa, ya san abin da ake nufi da a fitar da randa mai ƙugu daidai ta kowane gefe da ido kawai.

Inda Ladi ta fi tsara kuwa shi ne ado. Kafin tukunya ta bushe sarai, za ta gangara murɗaɗɗen zare ko ɗan icce mai tsaga-tsaga a jikinta, ya bar layi-layi kamar saƙa. Ta raba cikin randar gida-gida, kowane gida ta zana masa dabba da bakin 'yar wuƙa: ƙadangare, kunama, hawainiya, kada, kifi, maciji, tsuntsu. Ba zanen hoto take yi ba. Takan miƙe jikin dabbar ko ta baje shi har ya cika gidan da ta ware masa, ta cike cikinsa da ƙananan zane, yadda in ka matso dabba kake gani, in ka ja baya ado kake gani. Daga nan sai gashi a fili, a tara tukwane a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa a cinna wuta. Suna fitowa da zafinsu a yayyafa musu ruwan makuba, wannan dai na kwasfar ɗorawa da iyayenmu ke daɓe da shi, su yi duhu su yi sheƙi. Tun kafin wani Bature ya san da ita tukwanenta sun yi suna a yankin, har wasu suka isa fadar Sarkin Abuja, aka ajiye su don kallo.

A nan sai an yi hattara, don Abujar da ake magana ba wadda muka sani yau ba ce. Lokacin jihadi, da mutanen Shehu suka ci Zariya a 1808, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu da jama'arsa ya shiga ƙasar Gwari. Ɗan uwansa Abu Ja ne ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Wato masarautar Hausawan Zazzau ce zaune a tsakiyar Gwarawa. Sarkin da ke kan gado a zamanin Ladi shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, tsohon malamin makaranta kuma tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina. Shi ne mai tara tukwanen. Ina ganin ya kamata a riƙa ambatonsa duk inda aka ambaci Ladi, don sarkin da zai ga randar talakarsa ya gane ta fi ƙarfin ɗaki, ta cancanci fada, ba kullum ake samun irinsa ba.

A fadarsa ne Michael Cardew ya ga aikinta a 1950. Cardew mutumin Ingila ne, haihuwar 1901. Ya yi karatu a Oxford amma ya watsar da aikin ofis ya kama ginin tukwane a hannun Bernard Leach, babban maginin ƙasarsu. A 1942 ya zo ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya yi shekaru yana fama, abin bai yi masa daɗi sosai ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane, da nufin a riƙa yin kofuna da faranti da butocin shayi irin na tangaran a gida, a rage shigo da su. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu da magina, ya dawo da ra'ayin da iyayen gidansa ba su zata ba: tukunyar gargajiya ba ta bukatar gyaran kowa, don wajen girki a murhu da sanyaya ruwa ta fi duk abin da zai iya kawowa. Ya zaɓi Abuja, ko da ba ta kan layin dogo, saboda akwai yumɓu da ruwa da itace, ga sarki mai so. Cibiyar koyar da ginin tukwane ta buɗe a 1952, ɗalibanta duk maza. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

Ba yarinya ba ce lokacin, ta kusa shekara 30, kuma gwana ce da sunanta. Duk da haka ta zauna ta koyi sabon aiki daga tushe. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda tukunya ke zagayawa mai gini na zaune, kishiyar abin da jikinta ya saba. Ta koyi haɗa shafen nan mai narkewa a wuta ya zama kamar gilashi a jikin kwano. Ta koyi jera kaya a tanderu da lura da wuta. Ta yi kwanoni da kofuna da faranti, ta tsoma su a ruwan farar ƙasa ko jar ƙasa, ta zana ƙadangarunta a kai da ƙayar beguwa. Daga baya ita ma ta zama mai koyarwa a wurin. Wannan kaɗai darasi ne gare mu da muke ganin in mun karɓi difloma an gama. Amma ba shi ne babban abin da ya faru a cibiyar ba.

Babban abin shi ne randar. Ladi ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu yadda ta koya a Kwali, tana zagayawa, tana zana dabbobinta. Sai dai yanzu yumɓun cibiyar take amfani da shi, wanda aka haɗa don ya jure babbar wuta. A cike zanen da farar ƙasa don ya fito, a shafe jikin da wancan shafe mai ƙyalli, a sa a tanderu. Wutar ciyawa a fili ba ta cika wuce digiri 800 ba. Ta tanderun Cardew tana haura 1,200. Abin da ya fito kyakkyawa ne ƙwarai, mai duhu, mai sheƙi, zanen na leƙowa ta ƙarƙashin ƙyallin kamar dutse a cikin ruwa. Shi ne ya kai ta duniya.

To amma ku tsaya mu yi lissafi irin namu na 'yan kimiyya. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Saboda randa tana naso. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa waje, iska na kwashe shi, yana tafiya da zafin. Me ya sa tukunyar ƙasa ke zama a kan murhu ba ta fashe ba? Saboda waɗannan ƙofofin dai, da tsakuwar da ke cikin yumɓun, suna ba ta damar buɗewa da tsukewa. Da aka gasa ta a babbar wuta aka shafe ta da gilashi, ƙofofin sun toshe. Randar Ladi ta cibiya ba ta sanyaya ruwa, ba ta hawa murhu, kuma ta yi nauyin da ba macen da za ta saɓa ta zuwa rafi. Siffar randa ce, amma ta bar aikin randa. Matar Kwali ba ta da abin yi da ita, ba ta ma da kuɗinta. Mai sayenta shi ne wanda ke da famfo da firiji a gida, yake neman abin ajiyewa a falo.

Ban faɗi wannan don in rage mata daraja ba, ko in zagi Cardew. Ba don tanderun ba, da tukwanenta sun bi hanyar na iyayenta: a yi amfani da su, su fashe, a zuba wa kaji ruwa a kaskon, ba wanda zai san hannun wa ya gina. Babbar wutar ce ta sa suka daɗe, ita ta sa suka iya shiga jirgi. Amma a ganina nan ne hanyar Ladi da ta ƙauyenta suka fara rabuwa, tun tana da rai, kuma duk karramawar da ta biyo baya ta bi randar falo ne, ta bar randar ɗaki.

Karramawar kuwa ta zo da yawa. An baje kayan Abuja a wani gidan nuni na Landan mai suna Berkeley a 1958 da 1959 da 1962, nata suka fi jan ido. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gini a gaban jama'a. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew, ɗalibai da malaman jami'o'i na zaune suna kallon matar da ba ta yi makarantar boko ba tana zagaya curin yumɓu har ya zama randa. Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A 1980 ta karɓi lambar NNOM, wadda ake ba manyan masana, a 1981 kuma OON. Tukwanenta suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a Washington, kuma in ɗaya ta fito gwanjo yau, dubban fam ake magana. A gindin kayan za ka ga hatimi biyu da aka danna tun yumɓu na ɗanye: LK, da kuma sunan Abuja da ajami. Abin dariya, shekarar da aka ɗora ta a kan kuɗi ita ce shekarar da aka goge ajami daga takardar.

Abin da ya fi lambobin nan muhimmanci a wurina shi ne mutanen da suka biyo ta. Shigarta ta buɗe wa mata ƙofa. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa duk sun shigo, suna gina manyan randuna da hannu a wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya da ke karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi gini a hannun Ladi da abokan aikinta. Yau tana cikin manyan maginan duniya, har ta zama shugabar wata jami'ar fasaha a Ingila, kuma har gobe da hannu take gini. Daga cikin mazan da cibiyar ta yaye akwai irin su Ɗanlami Aliyu, da suka je suka kafa wuraren kansu. Wato hannun wata tsohuwa a Kwali, wadda tarihi bai ma riƙe sunanta ba, ya bi ta Ladi ya kai inda ita ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Sai kuma ƙasar ta motsa a ƙarƙashin ƙafarta. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala ta kafa dokar sabon Birnin Tarayya, kwana 10 kafin a kashe shi. Aka yanki ƙasar Gwari, har da Kwali, aka ba sabon birnin. Aka karɓi sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Kun ga ashe mutum biyun da ke gaba da bayan naira ashirin ba haɗuwar banza suka yi ba: sa hannun ɗaya ne ya canja wa ɗayar sunan garin da take aiki da hukumar da ke mulkin ƙauyenta. A farkon shekarun 1980 aka sa wa cibiyar sunanta. Cardew ya mutu a 1983. Ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984, shekara 7 kafin gwamnati ta tare a sabon birnin.

Yanzu mu dawo kan tambayar. A Turai in masassaƙi ya shahara, ƙauyensu kan kafa masa mutum-mutumi a dandali ko ya mai da gida wurin ziyara. A ƙauyen Hobita na ƙasar Romaniya, inda aka haifi Constantin Brancusi a 1876, akwai gidan tunawa da shi da baƙi ke zuwa gani. Mu mutum-mutumi ba ya cikin tsarinmu, addini bai bar mu ba, kuma ban ga asara a nan ba. Namu salon shi ne sa suna. Ku duba makarantu irin tamu: Hassan Usman Katsina, Nuhu Bamalli a Zariya, Hussaini Adamu a Kazaure. Mutanen kirki ne, amma gwamna ne da minista da sarki. Mai aikin hannu da wuya ya samu, in ka cire irin Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda unguwa ke amsa sunansa a cikin birni.

Ladi ta samu, har fiye da kowa a sana'arta. Akwai titin Ladi Kwali a Wuse. Akwai babban zauren taro mai sunanta a otal ɗin da aka daɗe ana kira Sheraton, inda manya ke taron ƙara wa juna sani suna shan shayi. Ga naira ashirin. Ranar 16 ga Maris 2022 Google ya sa zanenta a shafinsa na farko, a shekarar da aka yi wani babban nuni a Landan da ya fara da aikinta. Amma ku lura, duk waɗannan a birni suke, ko a intanet, kuma ba ɗaya a cikinsu da ake taɓa yumɓu. Wuri guda da ke da sunanta kuma aka gina shi don a koyar, wato cibiyar Suleja, shi ne jaridu suka yi shekaru suna kawo hotonsa a lalace, tanderu a sanyaye. Takardar kuɗin ma tsadar rayuwa ta cinye ta. Yau Murtala ɗaya ba ta sayen ledar ruwa, yara na gaba ba lallai su riƙe ta ba balle su juya bayanta.

Ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Roba ta zo, jarka ta zo, tukunyar dalma ta zo, ba sa fashewa kuma ba su da nauyi. A Mabai ina yaro kowane ɗaki da randarsa a kan kasko, da moɗa a kife a bakinta. Yanzu amarya in an jera mata randa sai ta ga an raina ta. Tsofaffin da suka iya gini a ƙauyukanmu suna ƙarewa, jikokinsu ba sa so, don sana'ar ta zama alamar talauci. Sannan ga abin da ya fi wannan muni: yumɓu a fadama yake, itacen gashi a daji yake, kuma kowa ya san abin da fita daji ya zama a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa cikin shekarun nan. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, daren da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya. In na ce ni ɗan can ne, abin da ake fara tambayata ke nan. Kwali mace ɗaya ta yi mata suna da hannunta. Mu waɗansu ne suka yi mana namu da bindiga, alhali farar ƙasar da ake cike zanen irin randunan Ladi da ita, wadda masana'antun tangaran da fenti ke nema, tana nan kwance a ƙasarmu, ana lodinta ɗanya ana fita da ita.

Kada wani ya ce ai tukunyar ƙasa zamaninta ya wuce. Malamin makaranta irin tamu ne, Mohammed Bah Abba na kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya ɗauki tukwane biyu, ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima. Nason nan dai da muka yi magana shi ke sanyaya ta ciki, tumatir da yalo da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba, ba lantarki ba janareta. Ya ci lambar Rolex a 2000 da wannan. Wato ya koma ga daidai abin da tanderun Cardew ya toshe, ya mai da shi firijin talaka. Kuma ba a iya yin sa sai da maginan ƙauye.

Da ni za a tambaya abin da ya dace a kafa wa Ladi a Kwali, zan ce rumfa da tanderu mai wuta, da tsohuwa guda da ake biya albashi tana koya wa 'yan mata, a rubuta sunan Ladi a ƙofa in an ga dama. Wannan ya fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai. Amma akwai wanda bai fi ƙarfinmu ba. Duk shekara muna rubuta furojet ɗin da ba mai buɗewa bayan an ba da maki. 'Yan sashen kimiyyar gwaje-gwaje za su iya ɗebo yumɓun garuruwansu da farar ƙasar Ƙanƙara su auna yadda suke tsukewa da irin wutar da suke ɗauka. 'Yan injiniya za su iya gina ƙaramin tanderu da bulon da aka yi a nan, wanda ba ya cin itace da yawa. Sauranmu kuma kowa na da waya. In an yi hutu, wanda duk ke da maginiya a garinsu ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Iya ko Gwaggo, ina so in ga yadda ake yi. Ya nemi izininta ya ɗauki aikin tun daga cuɗa yumɓu har gashi, ya rubuta sunayen kayan aikinta yadda take kiransu, ya sayi tulu ɗaya kada ya tafi hannu rabbana. A yi shi a hutun rani, don da ruwa ya sauka ciyawa ta jiƙe, ba a gashi sai kaka ta wuce.